Askar Baba da dutsen Sarjan

Shekarar da idanun mahaifina suka rufe, ya miƙa mini zabirarsa ta wanzanci. A ciki akwai aska ɗaya da ya gada wurin ubansa. Maƙerin da ya ƙera ta ya haɗa siririn ƙarfe mai tauri a bakinta, sauran jikinta baƙin ƙarfe ne kawai. Duk jaririn da aka haifa a gidajenmu na Tabla, da ita ake yi masa askin suna.

Lokacin Nasara bai tafi ba. Wani tsohon soja da muke kira Sarjan ya dawo Filinge da dutsen washi mai kama da faifai, wanda ake juyawa da hannu. Ran kasuwa mutane kan kewaye shi suna kallon tartsatsi. Ni kuwa na gaji da dutsen Baba, wanda sai ka zauna da ruwa kana gogawa har kafaɗa ta yi tsami.

Wata ran kasuwa na je na miƙa wa Sarjan askar.

"Wanzam, wagga ta tsufa ta hi kakata," in ji Sarjan. "A taɓa kaɗan?"

"Ci ta sosai, Sarjan, ta yi ƙyalli."

Ya juya dutsen. Kafin in gyara tsayuwa bakin ya yi shuɗi, ya koma fari fat. Na biya, na taho ina murna.

Washegari na gwada ta a damtsena. Ta ja gashi, ba ta yanke ba. Ƙarfen mai tauri ya tafi cikin tartsatsin da na tsaya ina sha'awa.

Sai bayan shekaru, a ajin yaƙi da jahilci, malaminmu ya gaya mana irin wannan dutse danginsu ɗaya da tukunyar sanholo. Daga jar ƙasa ake fitar da wani farin gari, a narka shi a wuta har taurinsa ya wuce na ƙarfe. Ran nan ban san haka ba.

Kwana uku ya rage a yi sunan ɗiyar ƙanena. Na kai wa Baba askar a zaure. Ya bi bakinta da babban yatsa, sau biyu.

"Wa ya wasa ta?"

"Ni na kai, Baba. Filinge."

Baba ya ajiye askar a kan tabarma.

"Ni da tsohona ba mu ci rabin bakinta ba. Kai ka cinye saura kahin azahar."

Ya lalubo dutsensa a ƙarƙashin tabarma, ya tura mini.

Da askar aro na aske jaririyar. Tamu tana cikin zabira har yau, naɗe a tsumma.