Allurar da Na Roƙa

Haihuwata ta biyu ma aiki aka yi mini, a wani asibiti nan cikin garin Lafiya. Yaron bai zo da rai ba. Mijina ne ya faɗa mini bayan an turo ni ɗaki, na ce to. Kafin ƙafafuna su saki daga allurar baya, an riga an kai shi makwancinsa.

A haihuwar fari akwai wata allura da aka riƙa yi mini, mai sa mutum ya ji kamar gadon na yawo da shi a kan ruwa. Ita kaɗai ta faɗo mini a rai. Da nas ta shigo da ƙwayoyi a ɗan kofi, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Eggon, na ce mata allurar nake so.

Ta ce yanzu an rage ba da ita. Farasitamol za ta ba ni da wani maganin kumburi, kowanne a kan lokacinsa, ko ciwon ya taso ko bai taso ba. Allurar tana nan, sai in waɗannan sun kasa. Tana sa amai, tana ɗaure ciki, wasu kuma har sun koma gida suna nemanta.

"Ina ne yana ciwo, Madam? Nuna mini."

Na ɗora hannu a kan ɗinkin. Yana ja, amma bai kai abin da nake roƙo ba. Na rasa inda zan matsar da hannun. Ta jira, sannan ta miƙo mini ruwa, na haɗiye.

Washegari ta tashe ni tafiya. Na bi baranda ina dafa bango, na wuce mata suna shayarwa, na dawo. Da nono ya kawo, yayata ta ɗaure mini ƙirji da tsohon ɗankwali. 'Yan uwa suka zo daga Doma da doya da gaisuwa. Ana cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina cewa amin. Komai ina gani, komai ina ji, babu abin da ya shige ni.

Da muka koma gida, Azuba maƙwabciyata ta leƙo da ƙwayar tiramol daga kemis, ta ce in sha ɗaya in samu barci. Na ajiye a bakin taga. Kullum in na zauna cin abinci ina kallonsa. Ban sha ba, ban kuma zubar ba, har wata rana mijina ya ɗauke, bai tambaye ni ba.

Ɗinkin ya warke ba tare da ya yi ruwa ba. Bayan arba'in na buɗe shagona na atamfa a kasuwa. Wata mai saye da ta san ni da ciki ta tambayi me aka samu. Na ce namiji, na ci gaba da ninke mata kayanta.