Mai Ƙosai a Zangon Wagadugu

Da na je Wagadugu, a wani ƙaramin masauki na unguwar Gounghin na sauka, inda baƙi ke kwana ɗaki ɗaya, kowa da gadonsa da gidan sauronsa. Cikin abokan kwanana babu mai jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Da hantsi na tafi kasuwar Rood Woko, na yi ta zagaya rumfunan atamfa ina ciniki da yatsu. Daga nan na bi gari a ƙafa, babura suna wuce ni ta ko'ina, har la'asar ta riske ni a Zango, ga yunwa.

A bakin wani lungu na tarar da wata dattijuwa tana suyar ƙosai. Na tsuguna ina harhaɗa Faransanci da ƙyar. Ta dube ni ta yi dariya.

"Ɗana, daina wahalar da bakinka. Daga ina?"

"Daga Kano, Iya."

Ta turo mini kujera. Ta ce a nan aka haife ta, fataucin goro ne ya kawo kakanta, ita kuwa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da na gama ci na miƙe, sai ta ce, "Zauna ka ƙara magana. Hausarka irin ta kakana ce."

Na koma na zauna. Ina ba ta labarin unguwarmu, tana juya ƙosai tana jefo mini tambayoyi, har aka kira sallar magariba.