Ustaz Ilyasu Hamid, Malamin da Ya Miƙa Kansa Aka Sake Ni

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2000, ana ta cinikin ragunan layya a bakin titin Kalakla a Khartum, wani ɗalibinka ya same ni a tashar mota. Sai da ya waiga dama da hagu, ya matso daf da kunnena, sannan ya ce Ustaz Ilyasu Hamid ya rasu da hantsi a gidansa na unguwar Alsawra. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ban iya kuka a wurin ba, Ustaz. Na jingina da wata mota ina duban fuskokin mutane, ina tsoron kada wani ya tambaye ni wa ya mutu.

Ko wannan ta'aziyyar ma da fargaba nake rubuta ta. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai na ɗaga alƙalami na saurara. Amma ba zai yiwu a binne ka a ce zazzaɓin cizon sauro ne, kowa ya koma gida ya yanka ragonsa, ba a samu mutum ɗaya da ya faɗi ko wane ne kai ba.

Na fara saninka a wata ƙaramar makarantar kwamfuta a tsakiyar Khartum, inda kake koyar da abin da ake kira tahlilin nuzum da Larabci, wato nazarin yadda aiki ke gudana a wuri kafin a zana masa tsari a rubuta manhaja. Ni ɗan leburorin gonar auduga ne daga Jazira, na tashi a kambo, wato sansanin leburori. A makarantar ban taɓa bari an ji Hausa a bakina ba, don na san kallon da ake yi wa wanda aka ce Fallata ne, wato mai asali daga Afirka ta Yamma. Ranar farko da ka kira sunana, Salahuddin Dogo, sai ka ɗago kai, ka yi mini magana da Hausa a gaban kowa.

"Ɗana, daga wane kambo iyayenka suka taso?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa ka juya ka ce musu da Larabci, kakanka da ƙafa ya zo daga Katsina a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya tsaya a Umdurman yana jimar fata, kuma ba ka da abin alfahari da ya wuce wannan. Daga ranar na daina zama a kujerar baya.

Kwamfutocinmu kaɗan ne, wuta kuma ta fi ɗaukewa a kan zuwa. Bai taɓa damunka ba. Kakan ce darasinka ba ya buƙatar lantarki, kunne yake buƙata. Ka hana mu taɓa na'ura sai mun je wurin masu aikin mun zauna da su, mun tambayi wa ke karɓar me, daga hannun wa, yana kai wa wa, kuma me ke faruwa in mai sa hannu bai zo aiki ba. Sannan mu dawo mu zana: da'ira ga kowane aiki, akwati ga mutumin waje, kibiya ga hanyar da bayani ke bi. Da hannu ɗaya kake zana da'ira a allo ta fito kamar an kifa kwano. In ɗalibi ya kawo zane da kibiyar da ba ta isa ko'ina ba, sai ka ɗora yatsa a kanta, har ya gane da kansa. Bayan darasi kakan tara mu a wurin mai wake na bakin titi, a zuba mana wake da mai a kwano ɗaya, ka turo barkono gefena don ka lura ina son yaji.

A shekarar 1996 ka raba mana aikin kammala karatu. Ni ka tura ni wani garejin manyan motoci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, in nazarci yadda kayan gyara ke shiga da fita. Na yi yadda ka koya mini. Na tambayi ina ake ajiye kaya, wa ke riƙe mukulli, wace ƙofa motoci ke bi. Daga kai har ni, babu wanda ya san cewa garejin yana gyara motocin soja a wani fili na baya. Wata rana da azahar ina zaune a kan tsohuwar taya ina gyara zanena, sai wata farar a-kori-kura marar lamba ta tsaya. Mutum biyu suka sauko. Ba su ce su amn ne ba, jami'an tsaron gwamnati, amma makanikan duk suka sunkuyar da kai cikin injuna. Aka ɗaure mini ido da rawanin ɗaya daga cikin mutanen biyu, aka kwantar da ni a bayan mota.

Ban san gidan da aka kai ni ba, har yau. Abin da na sani shi ne warin fitsari, da ƙarar ƙofar ƙarfe, da kukan wani dattijo a ɗakin da ke kusa. Suka shimfiɗa zanena a tebur. Sun ga an rubuta ƙofa, an rubuta ma'ajiya, ga kibiyoyi suna shiga suna fita. A wurinsu taswirar hari ce. Su tambaye ni ina wannan kibiyar ta nufa, in ce takardar odar kaya ce, su zabga mini tiyon ruwa a baya. Su ce su wane ne da'irorin nan, in ce ba mutane ba ne, su ƙara. Na yi ta kalmar shahada a zuciyata, don na ji labarin waɗanda suka shiga irin gidajen nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Na tuna innata Barira, wadda ba ta ma san hanyar da ake bi a nemi mutum ba.

Daga baya na ji cewa ita ta zo makaranta tana kuka, kai kuma ka sallami aji, ka ɗauki littafin darasi da alli, ka yi ta bin ofisoshinsu kana cewa kai ka aiki yaron. Abokan aikinka sun riƙe maka riga, ka fizge.

Ranar da suka shigo da ni wani ɗaki ido a ɗaure, sai na ji muryarka. Na zaci hankalina ne ya taɓu. Kana magana a hankali, irin yadda kake yi a aji, kana bayyana musu cewa kibiyar nan takarda ce ke tafiya daga makanike zuwa mai ajiyar kaya. Amma ni da na san muryar, na ji tana rawa. Tsoro kake ji, Ustaz, kamar ni. Wani ya daka maka tsawa, ka dakata, sannan ka ce:

"Yaron nan abin da na sa shi ya yi. In akwai laifi a zanen, nawa ne. Ku bar shi ya koma wurin uwarsa."

Aka jefar da ni a gefen hanya kusa da kogi. Kai aka riƙe ka watanni.

Ka fito kana ɗingishi, hannunka na dama yana karkarwa. Ba ka taɓa gaya wa kowa abin da aka yi maka ba, sun sa ka rantse. Ka koma aji. Da ka ɗauki alli za ka zana da'ira, sai ta fito a karkace, bakinta bai haɗu ba. Ka tsaya kana kallonta, mu ma muna kallo, wasu 'yan mata suka fara share hawaye. Sai ka miƙo mini allin ka ce, "Salahuddin, zo ka zama hannuna." Haka muka ci gaba, kana faɗa ina zanawa, har na kammala, har makarantar ta ɗauke ni mataimakinka.

Ba su ƙyale ka ba. Lokaci lokaci sai su aiko ka je ka zauna a benci daga safe har la'asar, ba tambaya, ba ruwa. In aka buga ƙofar aji da ƙarfi, nakan ga kafaɗarka ta zabura. Duk da haka ba ka daina tura ɗalibai su je su yi tambaya ba. Sai dai ka riƙa raka kowa da kanka a zuwan farko, kana jan ƙafa a rana, ka gaisa da mai wurin, ka ce in akwai magana kai za a nema.

Watan jiya suka sake kiranka, ba ka dawo ba sai bayan kwanaki. Da na zo duba ka, ƙafafunka sun kumbura, fitsari ya ƙi fita. Matarka Hajja Sittana ta kawo shayi. Kai kuma abin da ka tambaye ni shi ne ko 'yan aji sun gama zanen asibitin da aka ba su.

A maƙabarta akwai mutum biyu da ba wanda ya san su, suna tsaye nesa, ba su ɗaga hannu sun yi Fatiha ba. Muka zuba ƙasa da sauri, ba mai kallon idon wani. Shugaban makaranta ya ja ni gefe ya ce bayan sallah ni zan karɓi ajinka. Na dubi mutanen nan biyu, na dubi kabarinka, na ce to. Har yanzu tsoro nake ji in na tuna, amma zan shiga ajin.

Allah Ya jiƙanka, Ustaz. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa azabar da ka sha ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Ya amintar da kai a ranar firgici mafi girma, Ya saukar da kai a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Sittana, da 'ya'yanka Amna da Mahir, da 'yan uwanka na Umdurman, da dukan ɗalibanka, har da waɗanda tsoro ya hana su zuwa zaman makoki. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare ƙofar gidansu. Mu kuma da muka rage a garin nan, Allah Ya kwantar mana da zukata, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.