Ma'u Ta Ƙi Cewa Zazzaɓi Ne

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Makwar, kowa ya san Ma'u mai kisra. Mijinta Salihu ya rasu ya bar mata hawasha, gonar auduga a filin ban-ruwa, da ɗa guda, Abdussalami. Da safe tana gona, da la'asar tana bakin murhu tana toya kisra, wato wainar dawa mai faɗi, har yaron ya gama sakandare a Sinja ya samu karatun likita a wata jami'a a Hartum. Shi ne na farko a garin.

Tun ranar da ya hau lori aka koma ce masa Daktor. In ya zo hutu tsofaffi su cika zauren gidansu da ciwon gwiwa da na ido, alhali yaro ko allura bai taɓa riƙewa ba. Yakan yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ma'u ta lura yana ramewa, ta ce wahalar karatu ce.

A damunar 1998 aka kawo gawarsa. Uzairu, abokin ɗakinsa, ya durƙusa gabanta ya faɗa mata gaskiya. Abdussalami ya faɗi jarrabawa sau biyu, an sallame shi tun bara. Dama ba shi da abokai da yawa, don wasu ɗalibai sun sa shi gaba da tsokana suna ce masa Fallati, baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa. Ya zauna a birni yana dako a kasuwa, ya kasa dawowa ya kalli mutanen garinsu. A ƙarshe ya kashe kansa.

Bayan an kai shi, Malam Ladan, wan mijinta, ya shigo.

"Ma'u, mun daidaita da dattawa. Zazzaɓi za a ce. Asiri ya rufu."

"Yaya, rufin asiri ne ya kai shi kabari," in ji ta. "Ba zan ƙara masa wani ba."

"Ki ji tsoron bakin duniya."

"Shi ma shi ya ji tsoro."

Ɗan fari ne, don haka bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Amma a wurin zaman makoki ta tashi daga cikin mata ta tsaya a jikin zana, inda mazan za su ji ta.

"Abdussalami bai yi zazzaɓi ba. Jarrabawa ya faɗi, ya rasa mutum ɗaya a garin ga da zai faɗa wa. Mun ɗora masa gari duka a ka, ba wanda ya tambaye shi ko da nauyi. Mai ɗa a jami'a ya ji."

Malam Ladan ya ɗauki takalmansa ya fita, ya shekara bai taka gidanta ba. Wasu matan suka daina sayen kisrarta. Ko a jikinta. Duk ɗalibin da ya zo hutu sai ta sa an kira mata shi, ta zaunar da shi bakin murhu. Ba ta tambayar sakamako, sai dai ta ce: Kana barci? Da wa kake hira? In abu ya ɓaci, wa za ka faɗa wa?

Shekaru bayan haka Ramla, 'yar maƙwabcinta Mato, mai karatu a Madani, ta ƙi zuwa gida hutun sallah. Uban ya ce karatu ne ya riƙe ta. Ma'u ta ɗaura tobinta, mayafin matan ƙasar, ta hau bas. Ta iske yarinyar kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, ta daɗe ba ta shiga aji ba, ba ta son ci, ba ta son magana.

"Iya, ba zan iya kallon Baba ba."

"Ba sai kin kalle shi ba. Tashi, gidana za ki."

Sai da ta biya da ita wurin likita kafin su kama hanya. Mato ya zo ƙofar gida yana faɗa, wai an zubar masa da mutunci.

"Mato, ni na ga abin da ba ka gani ba," in ji Ma'u. "Yarinya tana nan. In ka huce ka shigo ka gaishe ta."

Sai da kaka ta yi ya shigo. Ramla ta warware sannu a hankali, daga baya ta koma ta karanci koyarwa, tana aiki a wata makaranta a Abu Na'ama. Ma'u ta rasu a 2013, kuma har ta koma ga Allah akwai gidajen da ba su yafe mata maganar nan ba. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba su haƙuri ba.