Saniyar da Ta Shiga Majigi

Sama da shekara biyu na yi ina cin tuwo ba man shanu a cikin gidana, alhali ƙwaryar man tana nan rataye a ragaya, kullum ina kallonta. Yara a zuba musu, baƙo a zuba masa har ya yi iyo a kan miya, ni kuwa mai gidan a miƙo mini nawa gaya-gaya. Ba a taɓa yi mini rashin kunya ba, ba a taɓa ɗaga mini murya ba. Man ne kawai aka ɗauke.

Ni tela ne, ɗan tela, a Gumel aka haife ni. Matata 'yar makiyaya ce daga rugagen wajen Maigatari. Da aka kawo ta, mahaifinta ya haɗo ta da karsana ja mai farin goshi, kunnen hagu a tsage. A wurinsu irin wannan saniya ta matar ce ita kaɗai. Miji ya sha nono, ya kwashe taki ya kai gona, amma ba ya sayarwa, ba ya kyautarwa. Da aka yi farin nan na farkon shekarun saba'in, garken mahaifinta ya kwanta kusan duka. Wannan ce ta tsira, don dusar da matata za ta sayar, har da rabin furarta, a bakin saniyar suke ƙarewa.

Bayan fari babu bajimin kirki a kusa da mu, sai aka ce a kai ta barbara wurin kawun matata a tsallaken iyaka, ƙasar da har lokacin Faransa muke ce mata. Matata tana da tsohon ciki, 'yan'uwanta sun tafi kudu da abin da ya rage musu, don haka ni na ɗauki igiya. Kuma don kada ta suɓuce mini, na ɗaura igiyar a wuyan hannuna, na yi mata ƙulli irin namu na teloli. Duk yaron da ya taɓa bin shanu ya san ba a yin haka. Ni ba wanda ya gaya mini.

Hanya ta bi da mu ta tsakiyar wata kasuwa ranar cinta. Na ga wasu mutane da baƙin akwati a kan ƙafafu uku, na ɗauka masu awon hanya ne. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da wani faranti mai ƙyalli, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki. Yana juya shi, hasken rana ya faɗa idon saniyar. Abin da na sani bayan nan shi ne ƙasa, da ƙura, da kwandunan mutane suna wuce ni. Da igiyar ta tsinke na miƙe, saniya ta shige cikin wani garke da ake korawa arewa. Na yi kwanaki ina bin dillalai da jandarma, ba wanda ya ga ja mai farin goshi.

Na dawo gida da wuyan hannu a saɓule. Matata ta wanke ciwon, ta saurari labarin, ta yi kuka. Da a nan abin ya tsaya, da ta yarda. To amma a makon nan keken da na daɗe da yin sautu daga Kano ya iso, sabo ful, ƙararrawarsa na walƙiya. Ta fito ta zagaya shi, ta shafa sirdin, ta ce, "Malam, ashe ƙafa biyu ta dawo da su."

Daga ranar keken ya zama "saniyata" a bakinta. In na fito da shi ta ce kada in manta in shayar da ita. Ciwon hannuna kuwa ta ce koyon keke ne na yi a ɓoye, kuma don ƙarin rashin sa'a na faɗi a kansa sau da yawa a gaban idonta. Ta rantse ba za ta taɓa hawansa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don man ba, sai don matar da nake kwana da ita ɗaki ɗaya tana yi mini kallon wanda ya ci amanarta.

Ana nan wata rani sankira ya zaga gari ya ce motar majigi za ta zo daga Kano, amma ba irin wanda muka saba ba na yadda ake zuba takin zamani da haƙa masai. Wannan karon wasanni ne da baƙaƙen fata 'yan'uwanmu suka shirya da kansu a ƙasashen Afirka, za a yi mako ana zagayawa da su: Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar, a rufe da Maigatari. Matata ta ce kallon inuwa a jikin ƙyalle aikin marasa aiki ne. Na tafi ni kaɗai.

Bayan isha'i aka tayar da inji. An ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, maza a gefe, mata a gefe, yara a gaba cikin ƙura. Wasan na ƙasar Nijar ne, amma yarensu ba mu ji, sai wani tafinta mai lasifika yana fassarawa, kuma ina kyautata zaton shi ma ba ya ji. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga birni yana neman ƙanensa. Ya shiga kasuwa yana waige-waige. Na ce a raina, wannan rumfar masu kanwa kamar na san ta.

Sai ga ta. Ja, farin goshi, kunnen hagu a tsage, ta keto ta bayan saurayin a guje. A ƙarshen igiyarta kuma ga wani mutum kwance rubda ciki ana jan sa, hula ta yi nata wuri, zariyar wando ta tsinke, wandon ya sauko har gwiwa. Fuskarsa ba ta fito ba. Filin ya ɗauki dariya. Tafinta ya ce, "Jama'a, ga wata saniya ta kawo mutuminta kasuwa za ta sayar." Na yi dariya tare da kowa don kada a dube ni.

Da asuba na gaya wa matata. Ta ci gaba da dakanta, ta ce, "To, madalla. Da ta shiga keke, yanzu ta shiga majigi." Na roƙe ta, na haɗa ta da girman iyayenta, har ta yarda ta bi ni Gagarawa, amma a mota, ba a kan saniyarta ba. Muka sha jijjiga a bayan a-kori-kura tare da buhunan gyaɗa, ita da goyo. Aka kunna majigi, sai ga masunta a bakin teku, wata ƙasa can da ban taɓa jin sunanta ba. Ashe kowane gari da wasan da ake nuna masa. Matata ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba, ta kalla har ƙarshe baki buɗe. A hanyar dawowa ta ce, "Wasan ya yi kyau, Malam. Ita saniyar a cikin ruwan take?"

Sule Tankarkar ni kaɗai na je, a keke, tun da rana, don in ga mai injin. Na same shi yana faɗa da direba, iska ta yaga musu ƙyallen tun daga sama har tsakiya. Allura da zare ba sa rabuwa da aljihuna. Na zauna a inuwar motar na ɗinke shi tsaf, sannan na ce ina da roƙo: a maimaita wasan saurayin nan a Maigatari. Ya tambaye ni dalili, na ce ina son waƙar ciki ne. Babu waƙa a wasan, amma ya dubi ɗinkin ya ce to.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ranar Maigatari ta faɗo Alhamis, ranar kasuwa. Duk dangin matata sun shigo. Ga mahaifinta, wanda ko ido ba na haɗawa da shi, ga ƙannenta samari da sanduna a kafaɗa, waɗanda ba su da abin wasa sai ni. Matata ta riga ni zuwa da kwana ɗaya, ta sauka gidan gwaggonta. Da dare na hango ta a gefen mata, na zauna inda zan riƙa ganinta.

Saurayi ya dawo daga birni. Ya shiga kasuwa. Ga rumfar masu kanwa. A daidai nan goyonta ya farka da kuka, ta sunkuya tana kwance zani tana juyo da shi gaba. Saniya ta keto, ta ja ni, ta wuce, fili ya kece da dariya. Da matata ta ɗago, saurayi ya riga ya kai tasha.

Ba wanda ya gane ni, ko ƙannen nata, don sun shagala da kallon wandon. Da na yi shiru, da na koma Gumel da mutuncina, in ci gaba da cin tuwona gaya. Gobe kuma motar za ta koma Kano da faifanta. Na tashi na tsallake ƙafafun mutane har wurin injin.

"Malam, don Allah a mayar baya kaɗan," na ce wa mai injin.

"Ba a mayarwa," in ji shi. "Sai an tsayar da komai, an warware zaren hoton da hannu. Jama'a ba za su yarda ba."

"Akwai dalili."

"To gaya wa jama'ar," ya ce, ya nuna tafinta. Shi kuwa kamar jira yake, ya kashe muryar wasan ya manna mini lasifika a baki.

Ban taɓa jin muryata da girma haka ba. Na yi sallama, aka amsa. Na ce, "Mutumin nan da saniya ta ja, ni ne. Saniyar ta matata ce, tana nan cikinku, ba ta gani ba. Ina roƙo a maimaita."

Sai wani daga cikin ƙannenta ya ce da ƙarfi, "Wallahi kaɗon gidanmu ne." Dariyar da aka yi ina jin har masu gadin iyaka sun ji ta. Jama'a da kansu suka ce a maimaita. Aka kunna fitila, aka warware zare, ni ina tsaye a cikin haske ban san inda zan sa hannuwana ba.

Da aka sake sakawa, tafinta ya ce, "Ga telan Gumel nan tafe, a ba shi hanya." Ban kalli ƙyallen ba, ita na kalla. Ta miƙe tsaye da yaron a kafaɗa. Da saniyar ta fito, ta yi mata kiran nan da take mata in za ta ba ta dusa, a hankali, kamar za ta juyo. Matan da ke kusa da ita suka daina dariya. Aka nemi a sake, aka sake, har mai injin ya ce fitilarsa za ta ƙone.

Bayan an tashi, mahaifinta ya aiko a kira ni. Na durƙusa nesa da shi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Mu da aka haifa a cikin shanu, da tun rumfar farko mun saki igiya. Kai ka riƙe har ta tsinke. Allah ya yi maka albarka." Na ce amin, Baffa. Ƙannen suka raka ni masauki suna kwaikwayon yadda nake jan ciki, amma ɗayansu ne ya tura mini keken har ƙofa.

Da safe na fito zan kama hanya, na same ta tsaye kusa da keken, ta goya yaro, ta ɗaure kayanta. Idonta a kumbure. Ta hau bayan, ta zauna a karkace. Sai da muka bar gari ta kama wuyan hannuna, daidai tabon, ta riƙe.

"Malam, don me ba ka saki ba?"

"Ai taki ce," na ce, ina taka keke da ƙarfi.

"Baffa ya yarda da haka, ka bar shi a kai," in ji ta. "Ni na duba da kyau. Tun daga rumfar masu kanwa kake kiciniyar kwance ƙullin da ɗaya hannun, ya ƙi."

Na ci gaba da taka keke, don gaskiya ne.

"Da haƙori ma ka gwada," ta ce. Sai ta fara dariya, ta kifa goshinta a bayana, keken yana tangal-tangal a cikin rairayi. Can na ji dariyar ta koma kuka, rigata ta jiƙe. Ta ce, "Shekara biyu ina jin haushin mutumin da ko igiya bai iya kwancewa ba. Ka yafe mini." Na ce ba komai.

Saniya dai ba ta dawo ba. Har na tsufa a Maigatari ba a kira na sai telan majigi, yara da ba a haifa ba a lokacin ma sun san zancen wandon. Amma daren nan da muka iso Gumel, ta sauko da ƙwaryar daga ragaya a gabana, ta zuba mini man shanu har sai da na nemi tuwon da yatsa.