Birkin Keken Baba

Keke ɗaya ne a gidanmu, na Baba, kuma a shekarun da komai ya yi tsada shi ne ƙafar gidan gaba ɗaya. Yayana ke hawansa. Da rani yakan yi sammako zuwa lambunmu da ke wajen Watari, ya ɗoro kwandunan tumatir a kariyar bayan keken ya kai kasuwar Tsanyawa. Ni kuwa gyaran keke nake yi a gindin wata darbejiya a bakin hanya, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga rawar kai kamar ni na ƙera ƙarfen.

Lokacin kayan gyara sun ɓace. Sabuwar sarƙa sai dai ka ji labarinta. Robar birki daga tsohuwar tayar mota muke yankowa. Birkin gaba na keken Baba ma ya daɗe da mutuwa, na baya kaɗai ke aiki, kuma kowa a gidan ya san da haka. Sai cibiyar tayar baya ita ma ta fara ƙara, sarƙa ta saki tana zamewa a hanya. Yaya ya dawo rannan hannu duk baƙin mai, ya jingine min keken ya ce, "Malam injiniya, ga mara lafiyarka nan."

A wajen 'yan gwangwan a Kano na tsinto wata tsohuwar cibiya, irin da ban taɓa gani ba. Ƙarfen da ya ratsa ta ba a tsakiya yake ba, ya ɗan karkace gefe. Da farko na zaci lalacewa ta yi, sai da na juya ta da sifana na gane dabarar: kana murɗawa tayar na ja da baya, sarƙa na ɗaurewa, ba sai ka yanke ta ba. Kai, na ji daɗi! Kwana biyu na yi ina saƙa mata wayoyi a rim ɗin keken Baba, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai. Ranar da na gama, masu zaman gindin darbejiya suka taru suna kallo, ni kuma ina ta bayani ana cewa lallai yaron nan akwai kai.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, da tayar ta matsa, rim ya bar wurin da robar birki take. Da can robar na kama shi sosai. Yanzu gefenta kaɗai ke shafarsa. Na gani, wallahi na gani da idona. Gyaran ba wani abu ba ne, a kwance noti a matso da robar. Amma notin ya yi tsatsa ya ƙi motsi, ga mutane suna yabona, ban so a ga ina kokawa da ɗan noti. Na hau keken a fili ba kaya, na matsa birki, ya tsaya. Na ce a raina gobe zan jiƙa notin da kananzir.

Yaya ya tambaye ni, "Komai lafiya?"

Na ce, "Har Makka sai ya kai ka."

Washegari da hantsi aka shigo da Yaya gida a kan jaki. A gangaren da ke bayan lambuna shanu suka tsallako hanya, yana ɗauke da kwando uku. Ya matsa birki, keken ya ci gaba da gudu. Ya kauce wa shanun ya faɗa kwazazzabo. Hannunsa na dama ya karye, tumatir ya watse, shanu suka tattake saura. Tsinkar farko ce, wadda muka yi wata uku muna jira.

Inna tana ta salati, Baba da maƙwabta suka wuce da shi wajen mai ɗori. Wani ya turo keken ya jingine a zaure. Ni kaɗai na rage da shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kuskure ne, kowa na yi. Amma na tura keken bayan rumbu, na zuba wa notin kananzir, na danne shi da sifana har ya saki. Na matso da robar ta zauna daidai kan rim, na ɗaure, na shafa ƙasa a wurin don kada ya yi ƙyalli. Ko minti goma bai ɗauke ni ba. Na mayar da keken zaure yadda na same shi, na wanke hannu da toka.

Bayan la'asar Baba ya zauna a ƙofar ɗakin Yaya. Baba mutum ne mai haƙuri da asara, amma ya tsani ƙarya. Ya tambaye shi yadda aka yi. Yaya ya ce, "Baba, na kama birki, bai kama ba."

Baba ya sa aka kawo keken. Ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya matsa birki. Taya ta tsaya cak. Ya sake, har sau uku.

Yaya ya zuba wa keken ido, sannan ya juyo gare ni. "Ƙanena, kai ka san aikin nan. Faɗa wa Baba."

Na ce, "Ni dai lafiya na ba da shi."

Baba ya ce, "Gudu kake yi, ka ce gudu kake yi. Tumatir Allah zai ba mu wani. Amma ka dubi idona ka ɗora wa ƙanenka laifi?"

Daga ranar Baba bai ƙara ba shi keken ba. Ni aka damƙa wa, ni nake kai kaya kasuwa, ni ake turawa duk inda ake son mai amana. Yaya ya warke, hannun ya ɗan karkace, ya koma noma da kiwon awaki. Bai taɓa yi min faɗa ba. Da farko yakan ce shi dai ya san ya kama birki. Da shekaru suka ja sai ya koma cewa wataƙila tsoron shanun ne ya ruɗe shi. Sau nawa na shirya maganar a bakina, a gona, a hanyar masallaci, sai in ce bari dai a gama girbi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyar kaina har yau.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, wata safiya ya kira mu a yafi juna. Ina zaune a gefensa riƙe da kofin ruwan da nake ba shi. Yaya ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu, ya kama hannun Baba da karkataccen hannun nan nasa.

Ya ce, "Baba, maganar keken nan. Ka yafe min ƙaryar da na yi maka."

Baba ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdulillahi. Abin da nake jira ke nan. Na yafe maka duniya da lahira." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ka yafe wa yayanka."

Duk suka zuba min ido. Na ce na yafe.