Ranar da Yaya Nafi'u ya tsuguna

Ranar Talata ce. Da ƙarfe bakwai na safe ina zaune a tsakar gidanmu a Koki da littafin jarrabawa a cinyata. Inna tana dama koko. Yayana Nafi'u yana ɗaura igiyar takalminsa da kansa, abin da ya ɗauke mu wata biyu kafin ya sake iyawa.

Wata bakwai ke nan da fitowarsa daga gidan yari. Ranar da aka kama shi an sauke masa gora a ƙeya. Ya dawo da mantuwa da ciwon kai, ƙara kuma tana sandarar da shi. Ni ƙanwarsa nake kula da shi. Magana ɗaya nake faɗa masa a lokaci guda, a hankali. Kullum sai mu taka zuwa masallaci mu dawo, don ƙafarsa ta riƙe hanya.

Takwas saura kwata muka ji kwalba ta fashe. Sai ƙarar adda a kan ƙofar kwano. 'Yan daba ne na unguwa biyu, faɗansu ya shigo lungunmu. Wani ya yi ihu, "Ku fita! Za su sa wuta!"

Muka fita ta baya, muka nufi gidan Gwaggo a Goron Dutse. Na riƙe hannun Yaya. Duk da ƙarar, yana tafiya.

Takwas da minti goma muka iso bakin titi. Motar jami'an tsaro ta ci burki. Aka daka tsawa, "Kowa ya tsuguna!"

Jama'a suka watse. Yaya ya tsuguna, hannu biyu a ka, kamar yadda ake yi a gidan yari idan za a ƙirga mutane. Na ja shi. Na kira sunansa sau uku. Bai ɗago ba. Hayaƙi mai sa hawaye ya rufe mu, Inna ta fizge ni. Na waiwaya sau ɗaya. Shi kaɗai ne a titin. Jami'an suka ga tabon kansa, suka ɗauka ɗan daba ne, suka jefa shi mota.

Kwana tara muna nema kafin a sako shi.

Gidanmu bai ƙone ba. Taga ɗaya ce ta fashe. Yaya ba ya fita ko zaure yanzu. Jiya na kai masa ruwa. Ya karɓa da hannu biyu kamar bai san ni ba, ya ce, "Na gode, Malama."